Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau Kan Masu Tsare Karnuka a Kango Don Cinikin 'Yan Kwikwiyo

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli,
Fadar Zazzau, Birnin Zariya.
Ta hannun hakimanmu da dagatai da masu unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da imani. Mu talakawanka ne mazauna Samaru da Palladan da Hanwa da Sabon Gari, tare da wasu 'yan'uwanmu na Tudun Wada da Wusasa. A cikinmu akwai magidanta da iyaye mata, da malaman allo da na boko, da mafarauta da 'yan sintiri, Musulmi da Kirista. Mun daɗe muna jan ƙafa kafin mu rubuto, don mun san za a samu mai cewa duk abubuwan da suka dami talaka, har sai an kai maganar kare fada? Amma abin da idanunmu suka gani ya hana mu yin shiru, kuma Sarki uba ne ga duk mai rai a ƙasarsa.

Ranka ya daɗe, tun da tsoron ɓarayi da masu garkuwa da mutane ya shiga zukata, gidaje da yawa suka koma neman karen gadi, musamman a sababbin unguwanni na bayan gari inda gida ke nesa da gida. Ba mu ga laifin kowa a nan ba. Sai dai wasu sun ga kasuwa ta buɗe, suka mai da karya kamar injin buga bulo. Su kama kango ko bayan gida, su jera keji, su zuba karnukan waje irin su Alseshan da Rotwaila da Kokeshan, ba abin da ake nema wurinsu sai haihuwa.

A damina, ruwan watan Agusta ya rushe katangar wani kango a ɗaya daga cikin unguwanninmu, ranar ne maƙwabta suka ga abin da suka yi watanni suna jin warinsa da kukansa. Keji ne na waya, wani bisa wani, ta yadda fitsari da kashin na sama ke zuba kan na ƙasa. Rufin kwano ne tsirara, babu silin, babu taga. A kejin ƙarshe akwai wata karya da ba ta ko iya miƙewa tsaye sosai, saboda kejin ya yi mata kaɗan. Haƙarƙarinta a ƙirge, nonuwanta sun zube har suna taɓa waya, kunnuwanta cike da kaska, ƙazuwa ta cinye gashin bayanta. Kwanon ruwanta a bushe yake, ya yi kore. Da wani dattijo a cikinmu ya miƙa mata ruwa a murfin bokiti, ba ta yi haushi ba, ba ta kaɗa wutsiya ba, sai ta maƙale a lungu tana kyarma, alamar hannun mutum bai taɓa zuwa mata da alheri ba. Sai da muka ja da baya sannan ta sha.

Karya takan nemi namiji kamar sau biyu a shekara, ta ɗauki ciki na kwana 63 ko kusa da haka. Masu wannan sana'a ba sa bari ko sau ɗaya ya wuce. Da ta yaye, ko ma kafin ta yaye, sun sake haɗa ta, wani lokaci da ɗanta ko ɗan'uwanta don kada a kashe kuɗin neman wani namiji. Haka za a yi ta tatsar ta har ƙarfinta ya ƙare. Ranar da ta daina haihuwa kuwa, sai a kai ta gefen rafin Kubanni ko bakin bola a saki, dabbar da ba ta taɓa neman abinci da kanta ba. Karen Kokeshan kuma asalinsa na duwatsu ne masu sanyi, gashinsa kamar bargo biyu. Sarki ya san zafin Zariya a watan Maris da Afrilu, to a ƙiyasta shi a ƙarƙashin kwano da tsakar rana.

'Yan kwikwiyon su ma ba su tsira ba. Likitocin dabbobi sun ce kada a raba kwikwiyo da uwarsa sai ya cika mako 8, domin a nononta yake samun kariya daga cuta, a wurinta da 'yan'uwansa kuma yake koyon iyakar cizo da wasa. Su kuwa tun yana mako huɗu ko biyar suke cire shi, saboda ƙarami ya fi shiga ran mai saye, kuma an huta da ciyarwa. Wasu har su sa reza su datse masa kunne da wutsiya, babu allurar kashe zafi, wai don ya yi kwarjini. Daga nan sai a ɗauki hoto a sa a Facebook ko WhatsApp, a yi ciniki ta waya, a haɗu a Kwangila ko PZ a miƙa shi cikin kwali. Cinikin biri a sama ke nan, mai saye bai ga uwa ba, bai ga wurin ba.

Wani magidanci cikin masu sa hannu a wannan takarda haka ya sayo nasa. Ya kawo shi ranar Asabar, yara suka yi ta murna, ƙaraminsu ya ba shi tsohon zanen goyonsa ya kwanta a kai. Ranar Talata kwikwiyo ya ƙi abinci, ya fara amai da zawo na jini mai wari. Da aka kai shi asibitin dabbobi aka ce cutar fabo ce, kuma katin rigakafin da aka haɗo shi da shi babu sunan likita, babu hatimi, rubutun biro ne kawai. Kafin Juma'a ya mutu. Aka kira mai sayarwa, waya a kashe. Likita ya kuma gargaɗe shi cewa ƙwayar wannan cuta tana daɗewa watanni a ƙasar tsakar gida, kada ya yi gaggawar kawo wani.

Allah ya taimaki Sarki, abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne 'ya'yanmu. Karen da ya tashi a keji bai san mutum ba, tsoro ne ya cika shi, kare mai tsoro kuwa shi ke cizo. Ga shi ba a yi masa allurar ciwon haukan kare ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tashi. Almajiran da ke bi gida gida da sassafe da 'yan makaranta masu ratsa kangaye su ne a bakin wannan haɗari.

Malamanmu sun karantar da mu cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Sun kuma karantar da mu labarin mutumin da Allah ya gafarta wa don ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce akwai lada a kan kowace hanta mai rai. Shari'a ta yarda a riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona. Maganar sayar da shi kuwa malaman Malikiyya sun yi saɓani a kan wanda aka yarda a riƙe, mun bar wannan ga malamai, Zazzau ba ta rasa su ba. Amma ba mu taɓa jin malamin da ya halatta azabtar da shi ba. 'Yan'uwanmu Kirista ma sun ce littafinsu ya ce adali yakan kula da ran dabbarsa.

Ba mu zo neman a hana riƙe kare ba, ba kuma mu zo don a toshe wa kowa hanyar abinci ba. Akwai masu kiwo na kirki a garin nan, karya ɗaya ko biyu, a fili mai inuwa, kuma ba sa jin nauyin a shiga a gani. Babban roƙonmu shi ne Sarki ya sa baki a kafa ƙa'ida guda: kada a sayar da kwikwiyo sai mai saye ya je da ƙafarsa ya ga uwar, ya ga inda take kwana, ya gan ta tare da 'ya'yanta. Duk mai cewa "bari in kawo maka, ba sai ka zo ba", akwai abin da yake ɓoyewa. A Ingila tun watan Afrilu na 2020 doka ta hana dillali sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai a je wurin mai uwar kai tsaye ko gidan da ake tsugunar da dabbobin da aka yasar. Mu ma mafarautanmu tun kaka da kakanni haka suke yi. Ba sa karɓar kwikwiyo sai sun san uwarsa da ubansa da irin halinsu a daji, sau da yawa ma kyauta ake bayarwa tsakanin abokai. Karen gida namu ya saba da zafinmu, ba ya cin abin da ya fi ƙarfin talaka, kuma wajen gadi ba a bar shi a baya ba.

Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da yadda ake riƙe dabbobin gida da zirga-zirgarsu. Don haka muna roƙon Sarki ya kira shugabannin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, a yi dokar da za ta sa duk mai kiwon kare don sayarwa ya yi rajista, likitan dabbobi ya riƙa duba wurin, a hana sayar da wanda bai kai mako 8 ba, a kuma ba karya hutu tsakanin haihuwa da haihuwa. Masu unguwanni sun san kowane kango da mai shi, idan fada ta umarce su ba za a ɗauki wata guda ba za a san inda suke. Waɗanda aka samu a irin halin da muka faɗa, a karɓe su a yi musu magani, a ba wa masu iya riƙewa, kada a bi su da guba ko sanda.

Allah ya yi wa Zariya baiwar da garuruwa da yawa ba su samu ba, ga Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta a Samaru, allurar ciwon haukan kare kuma a Vom ta Jihar Filato ake yin ta. Muna fata fada ta nemi haɗin kansu a riƙa fita unguwa unguwa ana yi wa karnuka allura, ko da a makon 28 ga Satumba ne, ranar da duniya ta keɓe don yaƙi da wannan ciwo. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri, cutar takan daina yaɗuwa.

Sannan limamai da fastoci da sankira su isar wa jama'a cewa kare amana ce ta shekara goma ko fiye. Wanda zai ɗauka ya fara tambayar kansa ko yana da inuwa da ruwa da abin ba shi kullum. Ya kai shi likita a makon farko, a ba shi maganin tsutsar ciki, a fara masa rigakafi, idan ya kai wata uku a yi masa ta haukan kare, katin kuma ya zama da hatimin likita. Wanda ba ya son 'yan kwikwiyo ya kai a yi wa karyarsa aikin hana haihuwa, maimakon zubar da su a kwalbati. Kada kuma tausayi ya sa mutum ya biya kuɗin kwikwiyo mara lafiya don ya cece shi, domin wannan kuɗin ne zai sa a sake haɗa uwar. Ya kai rahoto wurin mai unguwa. Idan kuma kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

A shirye muke mu raka duk wanda fada ta turo zuwa wuraren da muka sani. Karyar da muka ambata, mai kangon ya kwashe ta da sauran cikin dare bayan faɗuwar katangar, har yau ba mu san inda ya kai su ba.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasar Zazzau lafiya.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
mazauna Samaru, Palladan, Hanwa, Sabon Gari, Tudun Wada da Wusasa.
Sunayenmu da sa hannunmu suna haɗe da kwafin da muka miƙa ta hannun masu unguwanninmu.