Godiya ga garejin da ya raba wayoyin motata da zafin salansa

Assalamu alaikum jama'a. Wannan saƙon godiya ne zuwa ga wani gareji da ke nan Kano ta wajen Ƙofar Ruwa, da maigidan garejin, da kuma musamman yaronsa ɗan rewaya. Na tambayi maigida ko in saka sunansa ya ce a'a in bari kawai, wai shi aikinsa ya yi kuma an biya shi, to na girmama maganarsa, amma gaskiya ba zan iya yin shiru ba don abin ya tsaya min a rai.

Motata Civic ce ta 1998, tsohuwa ce amma ina ji da ita, da ita nake kai yara makaranta da ita nake zuwa kasuwa. A daminar bara na shiga wani ruwa da ya kwanta a titi injin yana da zafi, bayan kwana biyu na fara jin wani tik tik tik da safe in na tayar da ita, ga warin hayaƙi yana shigowa ciki. Ashe manifol ne ya tsage, wato ƙarfen nan mai nauyi da yake karɓar hayaƙi daga bakin injin ya miƙa wa salansa. Ƙarfen zubi ne, in ya ɗau zafi ruwan sanyi ya buge shi yana iya tsagewa, balle motar da ta haura shekara 25 tana aiki. An yi walda sau biyu yana sake buɗewa a gefen waldar. Sai wani abokina ya ce in daina wahala in saka heda a madadin manifol ɗin, irin mai bututu huɗu ɗin nan da suke haɗuwa su zama biyu sannan su zama ɗaya, na samu ɗan Beljiyam mai kyau na saya.

To daga nan ne wahalata ta fara wallahi. Garejin farko da na kai, ba zan faɗi ko ina ne ba, cikin awa biyu suka ce an gama. Na ji daɗi na biya na tafi. Abin da ban sani ba shine faifan ƙarfen nan da yake rufe manifol yana tare zafi sun cire sun jefar tunda bai hau kan hedar ba, kuma ba su sa komai a madadinsa ba, wayoyin da ke wajen kuma suka kama su da igiyar roba ta tiyub suka naɗe da baƙin salatif shikenan. A wannan motar hayaƙi ta gaban injin yake fita, ta wajen lagireto, ga fanka nan ga kwamfuresar AC a ƙasa ga wayar sansa mai auna hayaƙi, duk a ɗan lungu ɗaya. Ba a yi sati biyu ba ina cikin go-silo a Kurna da rana tsaka, watan Afrilu, wanda ya san zafin Kano a wannan lokacin ya sani, sai na fara jin warin roba na ƙonewa, na duba na ga allurar zafi ta hau sama, fanka ta tsaya cak. Ga iyalina a mota ga ƙaramin ɗana yana kuka, haka muka tura ta gefe da taimakon 'yan Adaidaita, Allah ya saka musu.

Na koma wajensu suka ce ai fiyus ne kawai, suka canza. Kwana uku ya sake ƙonewa. Na kai wa wani ɗan rewaya daban, shi kuma bai ko leƙa ƙasan injin ba, ya ɗauko silin waya ya ɗaura a ƙafafun fiyus ɗin ya mayar ya ce min yanzu har abada ba zai ƙara yankewa ba. Ni a lokacin ban san hatsarin abin ba. Sai daga baya aka fahimtar da ni cewa fiyus an yi shi ne don ya ƙone ya ceci waya, in ka hana shi ƙonewa to wayar ce za ta ci wuta, daga waya kuma sai mota. Har yanzu in na tuna na yi kwana goma ina ɗaukar 'ya'yana a motar a haka sai gabana ya faɗi.

Wani maƙwabcina direban haya ne ya ce in gwada wannan garejin. Na je ba da wani tsammani ba, na riga na gaji, har na fara tunanin sayar da motar. Maigida ya gaishe ni ya sa aka kawo min benci a inuwa, ya saurari labarin tun daga farko bai katse ni ba, sannan ya kira yaron nan ɗan rewaya, matashi ne ba zai wuce shekara 22 ba, ya ce duba min motar Alhaji da kyau kar ka taɓa komai sai ka nuna masa.

Yaron nan ya jira injin ya huce, ya kwanta a ƙasa da tocila ya yi wajen minti ashirin, sannan ya ce Baba dan Allah zo ka gani da idonka. Na sunkuya ya nuna min wayar fanka, rigarta ta narke ta manne, tagullar a waje tana taɓa ƙarfe, tsakaninta da bututun hedar bai fi kaurin yatsa ɗaya ba. Wayar kwamfuresa ma ta bushe tana karyewa kamar kara, ita kuma ta sansa an ja ta da ƙarfi an murɗa wata waya an ƙara mata tsawo ba tare da dalma ba. Ya ce Baba hayaƙin da ke fita daga injin in mota tana jan kaya zafinsa yana wuce digiri 600, ita kuwa robar da ke jikin wayar mota ta yau da kullum da ƙyar take jure ɗari da 'yan kai, kuma heda bututunta siriri ne ba kamar tsohon ƙarfen mai kauri da murfinsa ba, zafin fesowa yake yi kai tsaye kan duk abin da ke kusa, ba sai waya ta taɓa bututun ba ma, kusanci kaɗai ya isa ya dafa ta a hankali. Wallahi tunda na fara wannan yawon ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya yi min bayani haka, kuma ba da raini ba, da ladabi.

Aikin da ya yi kwana ɗaya da rabi ya ɗauke shi. Ya yanke duk inda ya ƙone ya sa sabuwar waya mai kaurin ta asali, ya haɗa da dalma ya rufe da robar nan da take ƙanƙancewa in ta ji wuta. Ya canza wa wayoyin hanya gaba ɗaya, ya bi da su ta jikin bodi nesa da bututun, inda kuma ba yadda za a yi dole sai waya ta gifta kusa ya zura ta cikin wata riga ta zaren gilashi mai ƙyalli a baya da take mayar da zafi, ya ɗaure da maɗaurin ƙarfe, ya ce na roba narkewa yake yi ya saki waya ta faɗo kan bututu. Sannan ya je wajen mai walda da kansa aka yanko faifan alminiyam aka lanƙwasa aka kafa shi tsakanin hedar da fanka, ya bar rata a tsakani, ya ce iskar da ke ratar ita ce rabin aikin, in faifan ya manne da bututu shi ma zafi zai ɗauka ya miƙa gaba. Fiyus ɗin nan mai waya ya ciro ya ba ni a hannu ya sa na ƙa'ida mai lambar da aka rubuta a murfin akwatin.

Akwai abin da ya ƙara min yarda da su. Ni na zo da niyyar a naɗe hedar gaba ɗaya da ƙyallen nan na zafi don na ga ana yi, kuma da sun yarda kuɗi ne zai ƙaru musu. Maigida ya ce Alhaji yana rage zafi a cikin bonet ba ƙarya, amma hedarka ba sabuwa ba ce kuma kai mai shiga ruwa ne da damina, ƙyallen yana riƙe laima bututun ya yi tsatsa ya ɓule da wuri, shawarata a bar shi, faifan nan da rigar waya sun wadatar. Mutum ya ƙi kuɗinka don amfaninka, yaushe rabon da in ga haka.

Sauran aikin na kanikanci ba sai na ja shi ba, sun kwance hedar sun sa sabon gaskit don garejin farko tsohon suka mayar, sun ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, suka ce in dawo bayan sati a ƙara ɗaurewa tunda ƙarfe in ya yi zafi ya huce yana sakin jiki. Na koma, yaron ya ɗaure ya sake leƙa wayoyinsa, na miƙa masa na shan ruwa ya ce sai dai in maigida ya yarda.

Ni abin da ke damuna shine me ya sa irin wannan ya zama abin mamaki a garinmu. Ka kai mota a gyara abu ɗaya ka dawo da uku sun lalace, a cire murfi a jefar a ce maka ba shi da amfani, sai kace masu ƙera motar ba su san abin da suke yi ba da suka saka shi. Kusoshi shida a mayar da huɗu. In ka yi tambaya a ce ka cika ƙorafi, in ka tsaya kana kallo a ce ba ka yarda da su ba, in ka tafi kuma ka dawo ka tarar an ƙwaƙule maka indomie ɗin salansa, wato abin nan mai tace hayaƙi, an sayar, mutane nawa aka yi wa haka. Ni ma tsohon manifol ɗina da indomie a jikinsa yake, garejin farko har yau ban ga inda suka kai shi ba, sai a nan ne maigida ya tambaye ni ina yake, kuma shi ya ba ni shawarar in na samu hali a sa wani a ƙasan motar saboda hayaƙi da wutar cek, wato fitilar gargaɗin injin. Kuma ba wai yaranmu ba su da basira ba ne, akwai basira sosai, gaggawa ce da rashin mai koyarwa, yaro ya yi wata shida a gareji ya sayi sifana biyu ya buɗe nasa, kuma motocin da muke gani suna ci da wuta a gefen titi ina da yaƙinin wasu daga irin wannan ɗaurin wayar ne.

Yanzu wata biyar kenan, na je Zariya na dawo sau uku, na sha go-silo iri iri da AC a kunne, allura ba ta motsa daga inda take ba, ba wari ba komai. Maigida na gode, Allah ya ƙara buɗi ya albarkaci zuri'a. Kai kuma ɗana ɗan rewaya, Allah ya yi maka albarka ya jiƙan magabata, ya ba ka naka garejin da yara masu jin magana irinka. Birkin baya ya fara ƙara, in sha Allahu ranar Asabar ina nan tafe.