Ƙungiyoyin agaji su riƙe ƙananan masu ba da gudummawa

Zuwa ga Edita,

Na karanta rahotonku kan halin da ƙungiyoyin agaji suka shiga tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025. Waɗanda suka jingina da babban mai bayarwa guda ɗaya su suka fi jin jiki.

A ganina mafita tana wajen ƙananan masu ba da gudummawa, waɗanda aka daɗe ana yi wa riƙon sakainar kashi. Na shekara uku ina tura wa wata ƙungiya ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata. Ko saƙon godiya ban taɓa samu ba, balle bayanin inda kuɗin suka shiga. Da na daina, babu wanda ya tambayi dalili.

Shawarata a sabuwar shekarar nan ita ce kowace ƙungiya ta ware ma'aikaci guda da zai riƙa gode wa mai bayarwa cikin mako guda, ya kuma aika masa taƙaitaccen bayanin yadda aka kashe kuɗi duk wata uku, kafin a sake miƙa masa ƙoƙon bara.

Naku,
Wani mai karatu