Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu nazarin jemagu, reshen Garwa, Kamaru

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Kamar yadda muka saba, ga bayanin abin da muka yi bana. Aikin da ya cinye yawancin lokacinmu shi ne tattara ƙananan kaskar da ke zaune a jikin jemagu, don haka a kansa zan fi tsayawa.

Sababbin mambobi sun sha tambaya: me za a yi da abin da ido da kyar yake gani? Amsar ita ce, jemagu sun haura iri 1,400 a duniya, kuma da yawa daga cikin ƙananansu kamarsu ɗaya, sai ka riƙe biyu a hannu ka rantse wa da ƙane ne alhali jinsinsu daban. Su kuwa waɗannan kaskar ba sa zama a kan kowa. Kowane gida da nasa baƙon, don haka kaskar tana taimaka mana gane dangin jemagen. Dangin da masana ke kira Spinturnicidae a fatar fiffike suke rayuwa tun haihuwa har mutuwa, jini suke sha, kuma ba sa yin ƙwai a bango ko a reshe, uwar haifar ɗanta take yi a raye a kan fiffiken. Ke nan ba su da hanyar sauya maigida sai jiki ya haɗu da jiki. Shi ya sa, a cikin wannan dangin kaska, Meristaspis da Ancystropus suke kan jemagu masu cin 'ya'yan itace, Eyndhovenia kan masu hanci kamar kofaton doki, Spinturnix kuma kan dangin Vespertilionidae masu cin ƙwari. Tun 1913 wani Bajamushe, Heinrich Fahrenholz, ya kawo ra'ayin cewa zumuncin ƙwarin jiki yana bin sawun zumuncin dabbobin da suke kansu. Ba kullum abin yake fita daidai ba, amma a jemagu yana da ƙarfi.

Akwai kuma na cikin gashi, Myobiidae, waɗanda ƙafafunsu na gaba suka zama kamar matsefata don riƙe silin gashi. Alex Fain na Beljiyam da Kimito Uchikawa na Japan sun yi dogon aiki a kansu. Jemagun Miniopterus, alal misali, suna da nasu na kansu mai suna Calcarmyobia, kuma daga baya binciken ƙwayoyin gado ya sa aka cire waɗannan jemagu daga Vespertilionidae aka ba su danginsu daban. Ni dai wannan ya burge ni.

Fitarmu ta rani mun yi ta ne a lambunan mangwaro na bakin kogin Binuwai da cikin darbejiyoyin gari, inda Epomophorus gambianus, wani jemage mai cin 'ya'yan itace, ke rataye da rana. Da damina mun leƙa kogon bishiyoyin kuka da rufin tsofaffin gine-gine. Ragar kamu ake kafawa da magariba, a ɗauko kaskar da ɗan hantsaki, a jefa a kwalba mai sinadarin alkol kashi 70 cikin ɗari, a saki jemagen ya tafi harkarsa. Ba mu kashe ko ɗaya ba.

To, ga inda muka yi ɓarna, kuma ba zan ɓoye ba tunda ni ne na jagoranci fitar. A wani dare jakunkunan atamfa suka ƙare mana, muka zuba jemagu iri biyu a jaka guda. Da aka duba a madubin ƙara girma, sai ga kaskar jemage mai cin 'ya'yan itace a kwalbar jemage mai cin ƙwari. Mun fara murna, muna zaton mun gano sabon abu, ashe a cikin jaka suka yi ƙaura. Duk kwalaben wannan dare mun ajiye su gefe. Daga yanzu jemage ɗaya, jaka ɗaya, a wanke ta kafin a sake amfani da ita, kuma a rubuta wuri da rana da fensir a takarda a jefa cikin kwalbar, domin alkol yana wanke tawadar biro.

Wani kuskuren da muka gyara shi ne ƙudajen nan marasa fiffike, Nycteribiidae, masu gudu cikin gashi kamar gizo-gizo. Wasu sun rubuta su a matsayin kaska. A ƙirga ƙafafu: ƙuda shida, babbar kaska takwas.

Mun kai ziyara makarantu muna nuna wa ɗalibai cewa jemage yana cin sauro da ƙwarin gona, yana kuma yi wa kuka barbara. Ɗaliban jami'ar Marwa da suka zo hutu sun taimaka ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Batun safar hannu ba na wasa ba ne. Tun 1956 aka gano wata ƙwayar cuta 'yar uwar ta haukan kare a jikin jemagen Eidolon helvum a Legas. Wanda bai yi rigakafi ba ya tsaya ga rubutu da riƙe tocila.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a taro. Abin da ke gabanmu shi ne ɗinka jakunkuna da sayen raga, domin awaki sun yaga mana ɗaya. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a zo da shi.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya