Iyaye Ma Suna Da Aiki A Ƙungiyar Sikawut

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana iyayen da 'ya'yansu ke cikin ƙungiyar sikawut, musamman masu ganin cewa da zarar sun ɗinka wa yaro kaki, sun saya masa ƙyallen wuya da usur, to sun sauke nauyin da ke kansu.

Tun daga sansanin farko da Baden-Powell, Baturen da ya ƙirƙiro sikawut, ya yi da yara kimanin 20 a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, har zuwa kafuwar ƙungiyar a Najeriya a 1915, wannan aiki a wuyan manyan da ke ba da lokacinsu kyauta yake. A makarantar da ɗana yake kuwa, malami guda aka bar wa komai: shi ke karɓar kuɗi, shi ke neman mota, shi ke auno shinkafa, shi ne kuma ke bi da tocila cikin dare yana ƙirga kawuna. A sansanin da suka yi lokacin hunturun bara ruwa ya ƙare a rana ta biyu, dole ya bar yaran a hannun babba daga cikinsu, ya tafi neman rijiyar burtsatse da jarkoki. Da labarin ya iso mana sai muka dinga zarginsa, alhali babu ɗayanmu da ya taɓa tambayarsa abin da yake bukata.

Bayan haka ne na karɓi aikin ma'aji, wanda bai wuce littafi da biro da rasit ba, amma ya raba malamin da tsegumin masu tambayar ina kuɗin ya shiga. Wata uwa ma'aikaciyar jinya ta koya wa yaran haɗa ruwan gishiri da sukari da abin da ake yi wa wanda kunama ta harba, wani kafinta kuma ya gyara turakun tanti.

Abin da ya fi damuna shi ne kwana a sansani. Bai kamata babba guda ya keɓe da yaro ba, komai amincinsa, kuma wannan kariya ce ga yaron da shi babban kansa. Iyaye da dama suna hana 'ya'yansu mata zuwa saboda babu mace babba a wurin, kuma ban ga laifinsu ba, sai dai da iyaye mata biyu za su amince su kwana tare da su, da matsalar ta kau.

Sai dai ina jan kunnen duk wanda zai zo, kada ya ƙwace aikin yaran. An raba su rukuni-rukuni ne, shida zuwa takwas, kowane da shugabansa, domin su hura wutarsu su dafa abincinsu, ko da tuwon zai yi gudaji. Ni kaina sai da malamin ya hana ni ɗaukar wa ɗana jaka.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar na jihohi da su umarci kowane reshe ya kira taron iyaye a farkon zangon karatu, a karanto ayyukan da ke neman mai yi, kowa ya faɗi wanda zai iya da ranakun da yake da sarari.

Wassalam.

Wani uba, daga Zariya.