Ba a Saduma gardamar take ba

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa da fatan alheri. Shirinku na ranar Lahadi kan Littafi Mai Tsarki da auren jinsi ya ɓata mini rai. Baƙinku biyu sun cinye lokacin kakaf suna ja-in-ja kan Farawa 19, wato labarin Saduma, kamar a nan maganar ta tsaya. Ai ko malaman da ke tsananin ƙin auren jinsi ba su cika jingina da Saduma ba. Abin da mutanen garin suka nufa a ƙofar Lutu fyaɗen taron dangi ne ga baƙi. Ezekiyel 16:49 kuma ya lissafa laifin garin: girman kai, ƙoshi, da ƙin taimakon matalauta. Mai son ya kafa hujja da Saduma sai ya haɗa da aya ta 50 da Yahuza 7. Ko ɗaya ba a ambata ba.

Inda ake fafatawar gaske shi ne wasiƙun Bulus. A 1 Korantiyawa 6:9 da 1 Timoti 1:10 akwai kalmar Helenanci arsenokoitai, haɗin "namiji" da "gado". Masu riƙe da tsohuwar koyarwa suna cewa daga Littafin Firistoci 20:13 Bulus ya ɗauko ta, domin a fassarar Helenanci ta Tsohon Alkawari kalmomin biyu suna kusa da juna, don haka ta shafi duk namijin da ya kwana da namiji. Ɗaya ɓangaren na cewa cin zarafin yara da bayi da karuwanci ake nufi, abubuwan da suka yi katutu a zamanin Romawa. Kalmar Turancin nan "homosexual" da ɗaya daga cikin baƙinku ya yi ta nanatawa, sai a 1946 ta fara shiga fassarar Turanci. Wannan bai raba gardama ba, amma ya kamata mai sauraro ya sani.

Sai Romawa 1:26-27, inda aka ce abin ya saɓa wa halitta. Masu neman sauyi suna nuna cewa Bulus ya sake amfani da wannan lafazin a Romawa 11:24, kan ɗaura reshen zaitun na jeji a jikin na gida, kuma can ba zunubi yake nufi ba. Amsar da ake ba su ita ce Romawa 1 yana komawa ga Farawa 1, yana maganar sha'awar juna, ya kuma haɗa da mata. A ganina wannan amsar ta fi nauyi, balle in an ɗora Matiyu 19:4-6, inda Yesu ya yi maganar auren namiji da mace. Amma ina aka ba mu damar aunawa?

Ƙudurin taron Lambeth na 1998, taron bishop-bishop na Cocin Angilikan, shi ma rabinsa kuka karanta. Gaskiya ne ya ce luwaɗi bai dace da Nassi ba. Shi ɗin ne kuma ya ce a saurari masu sha'awar jinsi ɗaya, a yi kiwonsu da tausayi, ya la'anci jin tsoronsu da ake yi ba dalili. Wa ya yanke wannan?

Wani abu kuma, don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin karatun ayoyi. Lambar babi ma ba a ji, balle mutum ya buɗe ya duba.

Naku,
Mai sauraro