Shawara ga masu shirin zuwa babban taron wasannin tebur karo na farko

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana da matasanmu na Kano waɗanda sha'awarsu ta tashi daga dara da lido ta kai ga wasannin tebur na zamani irin su Catan da Carcassonne, har wasunsu suka fara ƙirƙirar nasu, suna kuma burin halartar manyan tarukan da ake yi wa wannan harka. Burin yana da kyau ƙwarai, sai dai ina jiye musu tafiyar da ba shiri, wadda mutum zai ƙarar da guzurinsa ya dawo da kwalaye da ciwon ƙafa, alhali bai zauna ya yi wasa da kowa ba.

Mafi girman waɗannan taruka shi ne SPIEL na birnin Essen a ƙasar Jamus, wanda aka fara a 1983, ana yin sa kwana huɗu a watan Oktoba, daga Alhamis zuwa Lahadi, kuma mahalartansa sukan kai wajen dubu 200. A Amurka akwai Gen Con, wanda aka fara a 1968, ya kuma koma birnin Indianapolis a 2003. Amma kafin a kai can, ina ba da shawarar a fara da na gida, wato taron AB Con da kamfanin NIBCARD Games ke shiryawa a Abuja, domin a can mutum zai koyi yadda ake zama da baƙi a teburi guda ba tare da ya nemi biza ko canjin kuɗi ba.

Wanda ya ƙudura zuwa Essen, ya fara da takardu. Ana iya neman bizar Schengen, wato bizar shiga Jamus da wasu ƙasashen Turai, tun saura wata shida a tafi, kuma ana buƙatar inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin magani na aƙalla Yuro 30,000, saboda haka jinkiri ba shi da amfani. Tikitin shiga a saye shi ta intanet tun da wuri, masauki ma haka, domin otal-otal na Essen sukan cika su kuma yi tsada a wannan mako. Wanda bai samu ba ya nema a Bochum ko Duisburg ko Düsseldorf, ya riƙa zuwa a jirgin ƙasa, daga babbar tashar Essen kuma layin U11 zai kai shi ƙofar wurin. A Gen Con kuwa, katin shiga daban yake da tikitin kowane zaman wasa, kuma masu farin jini sukan ƙare tun kafin ranar.

Abin da na fi so a riƙe shi ne cewa babu mai iya ganin komai. Sababbin wasannin da ake fitarwa a Essen kowace shekara sun haura dubu, cunkoson ranar Asabar kuwa sai ka ce Kantin Kwari ana gobe Sallah. Masu taron sukan wallafa jerin kamfanoni da taswirar zauruka kafin a buɗe, don haka mutum ya zauna tun yana Kano ya zaɓi wasanni kaɗan da yake son gwadawa, ya rubuta lambar zaure da ta rumfa, ya sa mafi muhimmanci a ranakun Alhamis da Juma'a, lokacin da jama'a ba su kai na ƙarshen mako ba.

Amfanin taron yana kan teburin gwaji. A gaban kowace rumfa za ka ga tebura da aka shimfiɗa wasa a kai, kujeru huɗu ko biyar, da wani ma'aikaci sanye da rigar kamfanin yana bayanin dokoki. Idan ka hangi kujera babu kowa, ka matsa ka tambaya ko akwai wuri, kada kunya ta hana ka, domin su ma waɗanda ke zaune galibi ba su san juna ba. Kafin ka zauna ka tambayi tsawon wasan, tunda wani minti 20 ne, wani kuwa ya kai awa uku, kuma tashi a tsakiya yana ɓata wa sauran wasansu. Ka saurari bayani har ƙarshe, abin da ba ka gane ba ka sake tambaya, kada ka lanƙwasa kati ko ka taɓa shi da hannun maiƙo, kuma idan zagaye ya zo kanka kada a same ka kana amsa waya. Mutanen da za ka sani a irin wannan zama, da lambobin da za ku yi musaya, sun fi duk abin da za ka saya daraja.

Game da saye, a duba bayan kwali a tabbatar da harshen, domin da yawa bugun Jamusanci ne, kuma wasan da katunansa ke cike da rubutu ba zai yi amfani a majalisar unguwa ba idan babu mai iya karantawa. A tuna da nauyi, tunda babban kwali ɗaya yakan kai kilo biyu ko uku, jakar jirgi kuwa galibi kilo 23 ce. Masu dabara sukan ɓalle ƙwayoyin wasa daga fallayen kwalin da suka zo manne a jiki tun a masauki, su zubar da ragowar, su cusa ƙananan wasanni a cikin manya. A riƙe tsabar Yuro a aljihu saboda ƙananan rumfuna, a kuma yanke wa kai iyakar abin da za a kashe. Iyayen da ke fargabar caca su kwantar da hankali, domin a teburan gwaji ba a zuba kuɗi, amma a yi hattara da katunan da ake sayarwa a rufe cikin leda ba a san abin da ke ciki ba, don suna cin aljihu a hankali.

Jiki ma yana da haƙƙi. A sa takalmi mai laushi, a tafi da rigar sanyi da gorar ruwa. Tsiran da ake sayarwa a irin waɗannan wurare yawanci na alade ne, saboda haka a tambaya kafin a ci, ko a nemi shagunan Turkawa da ke cikin gari. Azahar da La'asar za su riske ka a cikin zaure, sai ka tafi da ƙaramar darduma ka tambayi ma'aikata inda babu hayaniya.

Wanda kuma ya ƙirƙiri wasansa yana son nuna wa kamfanoni, ya aika musu da wasiƙa ta imel makonni kafin taron ya nemi lokacin ganawa, domin jami'ansu ba sa samun sukunin sauraron wanda ya faɗo musu haka kawai. Ya tafi da samfuri mai tsafta da dokoki a shafi guda cikin Turanci, ya kuma gwada bayaninsa a gaban abokai har ya iya kammala shi cikin minti biyar.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Gwammaja, Kano