Zuwa ga Babana, Kan Bargon da Ka Raina

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin garin naku? Mu nan kowa lafiya, alhamdu lillahi.

Na saurari saƙon muryar da ka turo, inda kake ƙorafin malamarku ta adabi ta ba ku aikin rubutu a kan bargon ƙyallaye, kai kuwa ba ka ga abin da ya haɗa mai karatun injiniya da ɗinkin tsofaffin mata ba. Dariyar da ka yi ce ta tsaya mini a rai. Na koyar da adabi har na yi ritaya, don haka bari in yi maka darasi ɗaya a takarda.

Fara sanin abin tukuna. Shimfiɗa uku ce: a sama ƙyallayen da aka yanko daga tsofaffin riguna, wanduna da buhunan gari aka harhaɗa, a tsakiya auduga, a ƙasa yadi, sannan a bi da zare da allura a ɗinke su wuri guda. A gidajen talakawan Amurka sanyi da rashi ne suka raya sana'ar, kuma sau da yawa matan unguwa ne ke taruwa su yi wa bargo guda gayya. A zamanin da mace ba ta da ƙuri'a, baiwa kuma doka ta hana a koya mata karatu a jihohin kudu da dama, nan ne inda suke ajiye abin da ke ransu.

Nemi wasan kwaikwayon Susan Glaspell mai suna Trifles, na 1916. Ta gina shi ne a kan wata shari'ar kisa da ta bi tana 'yar jarida a jihar Iowa. A cikin wasan, an tsinci manomi an shaƙe shi da igiya a kan gadonsa, an tsare matarsa Minnie. Shugaban 'yan sanda da lauyan gwamnati suka zo gidan neman dalilin kisan. Suka leƙa kicin suka ce ba komai nan sai tarkacen mata, suka haye sama. Mata biyu da aka bari a ƙasa suka ɗauki bargon da Minnie ba ta gama ba. Ɗinkin duk tsaf, sai wuri ɗaya da zaren ya hargitse kamar hannun mai shi na rawa. Daga nan suka gano keji da ƙofa a ɓalle, sannan gawar tsuntsu an murɗe masa wuya, an naɗe shi da siliki an ɓoye cikin kayan ɗinki. Suka fahimci irin zaman da matar ta yi, ita da a da take waƙa a coci, mijin ya kashe mata murya, ya kuma kashe abu ɗaya da ke mata waƙa a gidan. Mazan suka sauko suna yi musu ba'a a kan bargo, alhali hujjar da suke nema tana gabansu. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ba ina wanke kisa ba ne, kuma ɓoye tsuntsun da matan suka yi abin tattaunawa ne a rubutunka. Abin da ya dame ni shi ne, dariyar mazan nan ita na ji a muryarka.

Kai da ka tashi kana ganin maza a zaure suna yi wa babbar riga aska takwas, kana ganin 'yan lifidi a hawan sallah cikin sulken yadi da aka cusa wa auduga aka ɗinke, kai ne za ka ce allura ta mata ce? Al'ada ce ke raba aiki, kowace ƙasa da yadda ta raba nata. Sa wannan a rubutunka, 'yan ajinku ba su da shi.

Amma labarin da na fi so ka zauna da shi shi ne Everyday Use na Alice Walker, na 1973. Uwa ce baƙar fata a ƙauyen kudu, da 'ya'ya mata biyu. Dee, wadda uwar da coci suka tara kuɗi suka tura makaranta a Augusta, da Maggie, wadda gobara ta bar wa tabo, ta zauna a gida. Dee ta zo ziyara da doguwar riga mai ɗaukar ido da wani saurayi da ya yi wa uwar sallama irin tamu, ita kuwa ta ɗauka sunansa ke nan. Ta ce ta yar da sunan Dee don na masu zaluntarsu ne, yanzu ita ce Wangero. Uwar ta tuna mata sunan innarta ne, ita ma ta gaje shi daga kaka. Bayan cin abinci Dee ta buɗe akwati ta ciro barguna biyu. A cikinsu akwai ƙyallen rigunan kakarsu, da na kakansu namiji, da wani ɗan guntu shuɗi daga kakin sojan kakan-kakansu na yaƙin basasar Amurka. Tana so ta rataye su a bango. Da uwar ta ce ta yi wa Maggie alkawarinsu don aurenta, sai Dee ta fusata, wai Maggie shimfiɗa su za ta yi har su yage. Dee ɗin ce kuma ta ƙi karɓar bargo lokacin da za ta tafi makaranta, ta ce tsohon yayi ne. Maggie ta ce a bar wa Dee, ita tana iya tuna kakarta ba sai da bargo ba. A nan uwar ta fizge su daga hannun Dee ta aza a cinyar Maggie.

Ɗalibaina kan yi saurin tsine wa Dee, ni kuwa ina hana su. Neman asali da ta yi ba laifi ba ne. Mutanen da aka raba da harshensu da sunayensu suna da haƙƙin waiwayen Afirka, kuma ba don masu ilimi irinta da suka ga darajar kayan ba, da yawansu sun ƙare a bola. Harriet Powers, wadda aka haifa baiwa a jihar Jojiya ta Amurka a 1837, ta ɗinka bargo mai hotunan ƙissoshin Littafi Mai Tsarki, talauci ya sa ta sayar da shi dala 5. Yau yana hannun gidan tarihi na Smithsonian, kuma muna gane hotunan ne saboda ta tsaya ta bayyana wa mai sayen ma'anar kowane sashe, aka rubuta. Kuskuren Dee shi ne tana son kayan, tana jin kunyar masu kayan. Maggie ta iya ɗinkin, kakarta da innarta suka koya mata. Ko bargunan sun yage, za ta yi wasu.

Babana, a labarin nan kai ne a kujerar Dee. Kai aka yi wa karo-karo aka tura, kai ne za ka dawo da harshen da ba kowa ke ji a gidan nan ba. Na ga hotonka da hula ƙube a taron ɗaliban Afirka, na ji daɗi. Sai dai gwaggonka da ta yi makonni tana ɗinka ta, yaushe rabonka da kiranta? Ka san sunan zanen da ke jikin hular?

Abu ɗaya kuma: za ka ci karo a intanet da zancen cewa bayi masu gudu arewa suna karanta hanya a jikin bargunan da aka shanya. Labari ne mai daɗi, amma masana tarihi ba su sami shaidarsa daga zamanin ba. Kada ka rubuta shi a matsayin tabbas.

Ka karanta duka biyun kafin ka ɗora alƙalami, gajeru ne, dare ɗaya ya ishe ka. In ka gama zubin farko ka turo mini in duba. Ka kira gwaggonka da safiyar Asabar, lokacin muna yamma tana gida. Abbanku da ƙannenka suna gaishe ka. Ka riƙe sallah a kan lokaci, ka sa rigar sanyi. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka ilimi mai amfani.

Ummanka